Yara na komawa gida da ƙasa a riga, kaye babu rubutu: me zan gaya wa iyaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wani jardan a nan Tawa, yara 46 gare ni, ƴan shekara 4 zuwa 5. A wurin horo an ce mu riƙa sa su aikin hannu mai ɗaukar kwanaki, kada mu tsaya ga maimaita baƙaƙe kawai. To ba mu da kayan wasa, kuma iyaye suna ƙorafi wai yara na komawa gida da datti, kaye (littafin rubutu) babu rubutu. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ƙara miki haƙuri, riƙon yara 46 ba ƙaramin aiki ba ne.

Rashin kayan kanti kada ya dame ki. Bajamushen nan Friedrich Froebel, wanda ya raɗa wa irin wannan makaranta suna a 1840, "lambun yara" ya kira ta, kuma da gaske yaransa suna da ƴan fangaloli da suke shuka a ciki. Sunan jardan da muke faɗa daga can ya samo asali. Ita ma Maria Montessori, ajinta na farko da ta buɗe a Rum a 1907, na ɗiyan talakawa ne.

Ki fara da wake. Ki zo da cikin tafi guda, ki tambaye su: daga ina wannan yake fitowa? Wani zai ce kasuwa, wata ta ce tukunyar inna. Kada ki gyara musu, ki bar wake ya ba su amsa. Ki raba su rukuni takwas, kowane rukuni da robobin ruwa uku da aka yanke aka huda gindinsu (na fi son roba da gwangwanin tumatir, bakin gwangwani yana yanka yatsa). Su da kansu za su cika ƙasa da ɗan taki, su shuka. Roba ɗaya a ba ta ruwa a ajiye inda haske ke samunta, ta biyu a hana ta ruwa, ta uku a ba ta ruwa amma a rufe ta cikin kwali.

Cikin kwana 3 zuwa 5 ta farko za ta tsiro. Wadda aka hana ruwa za ta yi shiru. Ta cikin kwali kuwa ita ce ke ba yara mamaki: za ta yi tsawo, siririya, ganyenta rawaya-rawaya, saboda ganye ba ya yin kore sai da haske. Ranar da aka buɗe kwalin nan ki ja bakinki ki saurare su. Tambayoyin da za su yi miki su ne darasin, kuma ki bar su su yi da harshen gida, Hausa ko Tamashek ko Fulatanci, daga baya ki ba su kalmar da Faransanci.

Kowace safiya minti 20 ya isa, kafin rana ta yi zafi. A auna tsiro da tsinken tsintsiya, a karya tsinken daidai tsawonsa, a jera na Litinin kusa da na Juma'a. Wanne ya fi tsawo? Ganye nawa ne yau? Lissafi ke nan, ba tare da sun sani ba. Yaron da ke tsintar ƙwaya da babban yatsa da manuni, yatsun da zai riƙe alli da su a ajin CI (ajin farko na firamare) yake ƙarfafawa. Na sha ganin yaran da aka matsa wa rubutu tun hannunsu bai nuna ba, sai su tsani allo, kuma abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Game da iyaye, suna da gaskiyarsu: sabulu kuɗi ne, kuma so suke su ga amfanin lakwal da idonsu. Ki roƙi kowa ya aiko da tsohuwar riga ta aiki. Kowane yaro ya zana shukarsa sau uku, ranar farko, ta 7 da ta 14, ki sa kwanan wata a kai. Bayan sati uku ki gayyato iyaye, yaran su yi bayani da bakinsu. In akwai kakan wani yaro da ke noman rani, ya zo ya nuna musu yadda ake dashen albasa, tunda Galmi, garin albasa, a jiharku take. Aikin gaba ke nan ya samu. Bayansa sai ginin ƴan tukwane da yumɓu, ko kasuwar aji da marafan kwalba a matsayin kuɗi.

Abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai: ƙananan yara kan cusa ƙwaya a hanci ko kunne. Ki ƙirga waken da kika ba kowane rukuni, ki tsaya a kansu har a binne shi, sannan kowa ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.