Ku Tambayi Masana: Sauya Launin Tufafi a Cikin Hoto

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗaukar hoto a Argungu. Wani ango ya kawo hotonsa sanye da babbar riga shuɗiya ta shadda, yana so ta koma koriya don ta dace da leshin amarya. Na zaɓe rigar da Magic Wand a Photoshop, amma gefenta ya fito da siririn shuɗi, aikin wuyan kuma ya rine. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tun wurin zaɓen aka samu matsala. Magic Wand fiksel (ƙananan ɗigon da suka haɗu suka yi hoto) masu kama da wanda ka danna kawai yake kamawa, gwargwadon lambar Tolerance, wadda ke zuwa a kan 32. Shadda kuwa sheƙi gare ta: inda haske ya buga ta yi fari-fari, cikin ninki ta yi duhu. Idan ka ɗaga lambar ya kwaso har da bango, idan ka rage ya bar ramuka.

Ka shiga Select, ka buɗe Color Range. Danna tsakiyar rigar, sannan ka riƙe Shift ka bi ta kan ninki, hannun riga da wuraren sheƙi kana dannawa. Ja Fuzziness a hankali daga 40 zuwa sama, kana duban ƙaramin hoton da ke akwatin. Abin da ya yi fari shi aka zaɓa. Da bango ya fara yin toka-toka, ka tsaya.

Kada ka danna Ctrl da U, gajeriyar hanyar sauya launi, kai tsaye, domin hoton asali zai taɓa. Daga ƙasan akwatin leya (shimfiɗar da ake ɗorawa a kan hoto) ka ɗora leyar Hue/Saturation, zaɓen naka zai zame mata marufi, wato mask, mai taƙaita gyaran a kan rigar kawai. A da'irar launuka shuɗi yana kan digiri 240, kore yana kan 120, don haka ka ja Hue hagu, tsakanin -90 da -120. Rage Saturation da kamar 15, in ba haka ba koren zai yi tsanwar da babu shaddar da ke da ita a kasuwa. Lightness kuwa ka ƙyale shi, yana dishe ninkin riga.

Sauran aikin na burushi ne a kan marufin: baƙi yana ɓoye sabon launi, fari yana bayyana shi. Ƙara girman hoton zuwa kashi 200, ka bi aikin wuya da baƙi, gefen riga da fari mai laushin baki. Siririn shuɗin da ya dame ka fiksel ne da suka gauraya da bango, zaɓen bai kai gare su ba. Ka duba ƙarƙashin haɓar angon ma. Riga takan jefa launinta a fata, kuma shuɗin haɓa a kan koriyar riga shi ke tona asirin gyara.

Tambaya: Ni tela ce a Gusau. Ina so in nuna wa masu kawo ɗinki farin yadi a launin ruwan goro, amma ko na ja Hue har ƙarshe ba abin da ke sauyawa.

Amsa: Hajiya, ba laifin kwamfutarki ba ne. Hue juya launin da ke akwai yake yi, fari kuwa ba shi da launin da za a juya. Ki zaɓi rigar da Quick Selection, domin Color Range zai haɗa da haƙora da farin bango. Ɗora leyar Solid Color mai ruwan goro, ki mayar da yanayin haɗinta daga Normal zuwa Multiply. Launin zai zauna, inuwar ninki ta ci gaba da fitowa daga ƙasa. Idan babu Photoshop, GIMP kyauta ce, kuma tana da Multiply ɗin.

Amma inda rana ta ƙone farin har ya kai 255, wato ƙarshen ma'aunin haske, babu ninkin da ya rage, wurin zai fito shafe kamar an yi masa fenti. Gara ki sake ɗaukar hoton a inuwa. In daga waya za a turo shi ta WhatsApp, a turo a matsayin fayil, saboda matse hoton da manhajar ke yi yana farfasa gefen riga, zaɓe ya yi wuya.