Amsa ga ƙaninmu mai shirin zuwa karatu Madina

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya sanya albarka a gurbin nan da ka samu, ya kawo ka lafiya. Ka ce biza ta fito, wata mai kamawa za ka sauka Madina ka fara karatu a Jami'ar Musulunci, kana tambayar abin da za ka riƙo daga gida da abin da mutum ke fara yi idan ya iso. Zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri, domin wata biyun farko su ne ke jigata sabon ɗalibi, kuma yawancin wahalar ta rashin sani ce.

A ƙasar nan komai naka a jikin iƙama yake rataye, wato katin izinin zama. Asusun banki, manhajar hidimomin gwamnati ta Absher, bizar zuwa hutu, duk sai da ita. Ranar da ka sauka za a ɗauki hoton yatsunka a filin jirgi, a ba ka lambar shiga ƙasa da ake kira raƙamul hudud. Da ita za ka lallaɓa kafin iƙama ta fito, saboda haka ka rubuta ta a takarda, ka kuma ɗauki hotonta a waya. Daga nan sai gwajin lafiya, sai miƙa fasfo da hotuna a ofishin kula da ɗalibai, sai jira. Ka zo da ƙananan hotuna masu farin bango kamar goma sha biyu, da kwafin fasfo da na takardar karɓarka guda biyar-biyar. Kusan kowane tebur ka tsaya sai an nemi ɗaya.

Idan katin ya fito kada murna ta sa ka jefa shi aljihu. Zauna ka duba sunanka harafi-harafi, na Larabci da na boko, ka gwada da na fasfo, ka duba ranar haihuwa. Sunayenmu irin su Ɗanjuma, Ɗanladi ko Gambo ba su da tsayayyen rubutu a Larabci, kowane magatakarda da yadda zai juya su. Kuskuren harafi ɗaya na iya tsayar da kai a banki, yana kuma iya biyo ka har kan takardar shaidar kammalawa. Gyara a makon farko abu ne mai sauƙi, bayan shekara huɗu kuwa sai an sha zirga-zirga. Ka lura kuma ko ranar ƙarewar katin da lissafin Hijira aka rubuta ta, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, kuma da zarar iƙama ta mutu banki kan rufe asusu sai an sabunta.

Layin waya, ko STC ko Mobily ko Zain, da sunanka da yatsanka ake yankarsa. Da shi ne saƙon lambar sirri na Absher da na banki zai riƙa shigo maka, don haka kada ka dogara da layin aro, kada kuma ka yankar wa wani da sunanka komai kusancinku. Duk abin da aka aikata da layin nan kai za a nema. Bayan iƙama sai ka buɗe Absher da Nafath, manhajar da ke tabbatar da ko kai wane ne, ka yi rajistar adireshinka, wato unwanul waɗani, sannan ka nufi banki, yawanci wanda jami'a ta nuna. Katin banki na mada da za a ba ka ko shagon unguwa yana karɓa.

A nan maganar guzuri ta shigo. Mukafa'a, ɗan alawus ɗin wata-wata, wajen Riyal 840 ne ga ɗaliban fannonin addini da harshe, amma ba ta fara shigowa sai asusu ya buɗu, asusu kuma sai da iƙama. Ka ga ke nan za ka iya yin makonni kana ci daga aljihunka. A ganina kada ka taso da ƙasa da Riyal 1,000, in da hali 1,500. Idan Dala ce a hannunka babu damuwa, canjinta a tsaye yake, Riyal 3.75 kowace ɗaya. Ka bar ɗabi'ar juya kowane farashi zuwa Naira a ka, in ba haka ba ko ruwa ba za ka iya saya ba.

Akwai wata magana da nake so ka ji da kunnen basira. Da zarar an san kana da asusu a Saudiyya, kira zai fara shigowa: wane zai turo kuɗi ta wajenka ka miƙa wa wane, ɗan canji zai ba ka lada idan ka bari a wuce da kuɗi ta asusunka. Ɗalibin da aka san abin da yake samu a wata, aka ga dubban riyaloli na shiga suna fita, banki zai dakatar da asusun ya nemi bayani, kuma "taimako na yi" ba amsa ba ce a wajensu. Haka batun saƙo a filin jirgi. Ko wane ne, in ba ka kwance ƙullin ka ga abin da ke ciki da idonka ba, kada ka karɓa. Hukuncin safarar ƙwaya a nan yana kaiwa ga kisa. Goro ma ka bar shi a gida, an hana shigowa da shi. Maganin asibiti kuma ka zo da shi cikin kwalinsa tare da takardar likita, musamman masu sa barci ko kashe zafin ciwo.

Abin da ya cancanci nauyin jakarka shi ne kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa da yaji, a ɗaure da kyau cikin leda mai nuna abin da ke ciki. Ɗakin cin abinci na jami'a da rahusa yake, sai dai shinkafa da kaza ce yau da gobe, wata rana ranka zai biya tuwo. Da safe ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodin tanda, 'yan riyaloli ne kuma yana riƙe ciki har azahar. Tsire ma akwai, sireh suke ce masa, kakanninmu da suka zo Hijaz tun da daɗewa ne suka kawo shi. Za ka haɗu da jikokinsu masu laƙabin Hausawi, wasu na jin Hausa tangaram, wasu sai gaisuwa.

Kada wanda ya ce maka Saudiyya zafi ce kawai ya ruɗe ka. A Yuli da Agusta Madina kan haura digiri 45, iska busasshiya, gumi na bushewa kafin ka gan shi, shi ya sa mutum ke ƙarar da ruwan jikinsa bai sani ba sai ciwon kai ya sauko. Ka riƙa yawo da gora, ka sha ko ba ka jin ƙishi. A Disamba da Janairu kuwa sanyin asuba ya fi na hunturun Kano shiga ƙashi, ka tanadi rigar sanyi da bargo. Baƙi da dama kan yi mura a makon farko. Cajar wayarka mai baki uku za ta shiga soket ɗin nan ba tare da wata dabara ba.

Larabcin da ka karanta a Islamiyya zai yi maka aiki a aji da masallaci, a kasuwa kuwa sai ka sake kunne. Mai shago zai ce "esh tibga", me kake so, "fen" ina, "dahhin" yanzu, "bikam" nawa. Masu shaguna da direbobi da yawa ma 'yan Pakistan ne ko Bangaladash ko Indiya, nasu Larabcin daban. Ka koyi lambobinsu tun kana gida: biyar ɗinsu kamar sifilinmu take, sifilinsu ɗigo ne, shidansu kuma ya yi kama da bakwai ɗinmu. Wannan kaɗai ya sa mutane da dama shiga ajin da ba nasu ba. Idan aka kai ka ma'ahadin koyon harshe kafin kwaleji kada ka ɗauka raini ne. In son samu ne ma ka zauna ɗaki da wanda ba ya jin Hausa, ɗan Indunusiya ko ɗan Kirgistan, don dole ta sa bakinka ya buɗe. 'Yan'uwa kuwa za ka same su a Harami kullum bayan magariba.

Mako a nan Lahadi yake farawa, hutu Juma'a da Asabar. Duk wata hidimar ofis ka yi ta da sassafe, kada ka bari sai Alhamis da rana. Shiga Rauda sai ka kama lokaci a manhajar Nusuk. Umra kuwa ga jirgin ƙasa na Haramain, awa biyu da 'yan mintuna ka isa Makka, bas ya fi araha amma ya fi daɗewa. Miƙatinka Zul Hulaifa ne, wato Abyar Ali, jirgin kuma ba ya tsayawa a can, don haka da haraminka za ka shiga, ka ƙulla niyya idan aka zo saitinsa. Hajji dabam ne: iƙama ba tasrihi ba ce, wato ba izinin Hajji ba ce. A 2025 tarar wanda aka kama ba izini ta kai Riyal 20,000, ga kora da hana shigowa na shekara 10. Ka jira ka bi ta hanyar da aka tsara.

Ka kiyayi ɗaukar hoton mutane ba da izininsu ba, balle mata ko jami'an tsaro ko wurin haɗari, doka na hukunta mai yaɗa irin wannan. Aikin kuɗi a waje ma iƙamar ɗalibi ba ta ba ka dama ba, ko da hidimar alhazai ce, sai ta hanyar da jami'a ta sani. Lokacin hutu kada ka kama hanyar filin jirgi sai ka ga bizar fita da dawowa a Absher, ka kuma rubuta ranar da za ta ƙare inda za ka riƙa gani, don wanda ya bari ta mutu yana gida, dawowarsa sai an yi da gaske.

Ka sanar da mu ranar saukarka da lambar jirgi tun da sauran kwanaki, don a samu wanda zai tarye ka ya raka ka masauki. Ka gaida su Baba, ka ce su ci gaba da sa mu a addu'a.