Tambayoyinku: Kawo Mata 'Yar Filifin Gida Najeriya

Wasiƙu huɗu muka haɗa a wannan fitowar, duka daga mutanen Zariya, duka kuma a kan aure tsakanin ɗan Najeriya da ɗan ƙasar Filifin. Yawancin masu rubuto mana biza suke tambaya, amma a irin wannan harka takardar aure ce kan gaba, ita ce kuma ta fi tsayar da mutane.

Daga wani ɗan Tudun Wada mazaunin Jidda: *Assalamu alaikum. Watanni takwas da suka wuce na auri wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin a nan Jidda, ta musulunta kafin a ɗaura. Kwantiragina ya kusa ƙarewa, ina so mu dawo Zariya tare. Wani ya ce in ba shi kuɗi ya samo mata bizar ziyara, in ta shigo sai a gyara. Ta ina zan fara?*

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya alheri, ya ba da zaman lafiya. Malam, kafin ka ba kowa ko kwabo, ɗauko fasfonka da nata da takardar auren, ka shimfiɗa su a gabanka ka karanta sunayen harafi bayan harafi. Mutanen Filifin suna da suna kashi uku: sunan yanka, sai sunan dangin uwa a tsakiya, sai sunan dangin uba a ƙarshe. Abin da ke yawan faruwa shi ne mace ta musulunta ta zaɓi Maryam ko A'isha, mai rubuta takardar aure ya sa wannan sabon sunan, alhali fasfonta na ɗauke da wani daban. A idon ma'aikacin biza mata biyu ke nan. Dole sunan fasfo ya fito cikakke a takardar aure. Kai ma duba naka: in fasfo ya ce Mohammed, takardar aure ta ce Muhammad, katin ɗan ƙasa kuma ya ce Muhammed, a daidaita su tun kana can. Ba dole ba ne ta koma amfani da sunanka, dokar ƙasarsu ta bar wa matar aure zaɓi, kuma barin fasfon yadda yake ya fi sauƙi a yanzu.

Takardar da aka ba ku da Larabci take. A kai wa mai fassara mai lasisi ya mayar da ita Turanci, ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya ta buga hatimi, sannan ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ya buga nasa. Bayan haka ita ma ta kai rahoton auren ƙaramin ofishin jakadancin Filifin da ke Jidda, domin ofishin da ke kula da garin da aka ɗaura auren shi ke karɓar rahoton. Daga can ake aika shi Manila har ya shiga kundin PSA, hukumar da ke riƙe da rajistar haihuwa da aure a ƙasarsu, kuma yakan ɗauki watanni. Ku yi sauri, saura muku wata huɗu. Rahoton da ya wuce shekara guda sai an haɗa da takardar rantsuwa mai bayanin dalilin jinkiri. Muddin ba a yi wannan rahoton ba, a kundin ƙasarsu ba ta da aure, kuma abin zai dawo muku ranar da za a yi wa jariri rajista.

Yanzu bizar. A tsarin biza na Najeriya da aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2020 akwai rukuni na musamman ga wanda ya auri ɗan ƙasa, ana ce masa N1A, yana cikin bizar zama na dindindin. Shi za ta nema, kuma ta nema tun iƙamarta, wato izinin zamanta a Saudiyya, na da rai, saboda ofishin jakadanci mazaunin ƙasa yake yi wa aiki. Ginshiƙan takardun su ne fasfonta da ya rage masa aƙalla wata shida, takardar auren da hatimanta, kwafin shafin fasfonka mai hoto, hotunanta na fasfo, da wasiƙa daga hannunka kana cewa ka ɗauki nauyin shigowarta da zamanta. A wasiƙar ka rubuta cikakken adireshi, da lambar gida da layi da unguwa. "Tudun Wada, Zariya" kawai ba adireshi ba ne. Ranar da za ku biya ku karɓi jerin takardun daga ofishin da kansa, ku biya ta shafin Hukumar Shige da Fice, ku buga rasit ku ajiye.

In kun sauka Kano ko Abuja, kada a bari hidimar 'yan uwa da masu zuwa sannu da zuwa ta cinye kwanakin da aka buga mata a fasfo. A fara neman katin zama, wanda ake kira CERPAC, daga Hukumar Shige da Fice. Baƙi 'yan ƙwadago suna biyan kuɗi mai nauyi da dala a kansa, amma an daɗe da sanya matan 'yan Najeriya cikin waɗanda aka ɗauke wa kuɗin katin. Don haka duk wanda ya ce ka kawo kuɗin baƙon ma'aikaci, ka tambaye shi a wane rukuni ya sa ta.

Maganar mai bizar ziyara kuwa, ka rabu da shi. Bizar ziyara ta ɗan lokaci ce, ba ta ba da izinin zama ko aiki, kuma a 2025 Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ta sanar da tarar dala 15 a kan kowace rana da baƙo ya ƙara bayan wa'adinsa. Kwana 180 dala 2,700 ke nan, ban da haɗarin hana ta sake shigowa. Shi ejan ya karɓi nasa ya tafi, sunan matarka ne zai zauna a kwamfuta.

Abu biyu ƙanana. Ta yi allurar rigakafin shawara ta karɓi katin, aƙalla kwana goma kafin tafiya, domin sai bayan kwana goma katin ke fara aiki, kuma sau ɗaya ake yi a rayuwa. Sannan in tana son ci gaba da aikin jinya, ko a Shika ko a wani asibiti, sai ta yi rajista da majalisar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, don haka ta taho da takardun makarantarta da lasisinta.

Daga Samaru: *Na yi karatu a Cebu, na dawo gida shekara biyu ke nan. Yarinyar da nake nema tana can, shekarunta 23, ba ta taɓa aure ba, ni ma haka. Ina so in je a ɗaura mu dawo tare. Wata guda zai ishe ni?*

Zai ishe ka ɗaurin aure in ka shirya, amma ba zai isa ku dawo tare ba. Ga lissafin.

Kai da kanka sai da biza daga ofishin jakadancin Filifin da ke Abuja, da katin rigakafin shawara. Sashe na 21 na dokar iyali ta Filifin ya wajabta wa baƙo ya kawo shaidar cewa ya cancanci yin aure daga ofishin jakadancin ƙasarsa, wato na Najeriya da ke Manila. Ka tafi da takardar rantsuwar kotu cewa ba ka da aure da takardar haihuwarka, bayan Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga musu hatimi. Ita kuma ta nemo takardar haihuwa daga PSA da wata da ake kira CENOMAR, mai nuna babu aure a kanta a kundi. Kada ta nema da wuri, yawancin ofisoshi ba sa karɓar wadda ta wuce wata shida. Tunda shekarunta 23, ana bukatar shawarar iyayenta a rubuce. Wannan ya shafi 'yan 21 zuwa 25, waɗanda suka kai 18 amma ba su cika 21 ba kuwa sai da amincewar iyaye.

Ku biyu za ku je ofishin rajista na garinsu ku nemi lasisin aure. Ana liƙa sanarwa kwana goma cur kafin a bayar, in ya fito kuma yana aiki kwana 120. Bayan an ɗaura, sai an jira takardar ta isa PSA, nan ne wata gudanka zai ƙare. Sannan hatimi: Filifin ta shiga yarjejeniyar hatimi ɗaya ta ƙasa da ƙasa a watan Mayun 2019, wadda ke sa hatimin ƙasa ɗaya ya wadatar a sauran ƙasashen da suka shiga, Najeriya kuwa ba ta ciki, saboda haka hatimin ma'aikatar harkokin wajensu bai wadatar ba, sai an ƙara da na ofishin jakadancin Najeriya kafin ta nemi N1A.

Saura ƙofar da mutanenmu suka fi mantawa. Filifin na da hukumar kula da 'yan ƙasarta mazauna waje, CFO, kuma duk wadda za ta bar ƙasar ta je zama da miji baƙo sai ta halarci zaman nasiha a wurinsu ta karɓi shaida. Suna da ofisoshi a Manila da Cebu da Davao. Ba cin fuska ba ne. Ƙasar ta sha ganin an yi safarar 'ya'yanta da sunan aure, har ta yi doka a 1990 ta haramta dillancin amare ga baƙi, ta sabunta ta a 2016. Za a tambaye ta aikinka, da inda za ta zauna, da wa za ta zauna, da addininka. In gidan gandu ne, da Hajiya da ƙanne da matan yayye, ka faɗa mata haka, ka ɗauki hoton tsakar gidan da ɗakinta ka tura mata. Wadda amsarta ta saɓa wa takardunta ita ake tsayarwa, ko a CFO ko a gaban jami'in filin jirgi, kuma tikitin da aka rasa ba a cika maido da kuɗinsa duka ba. Kada ka sayi tikiti sai biza da shaidar CFO sun shiga hannu. Ta kuma tanadi harajin fita ƙasa, peso 1,620 ga kujerar gama-gari.

Daga wani ɗan kasuwa a Sabon Gari: *Ina da mata da 'ya'ya biyar. Na haɗu da wata 'yar Filifin a Dubai, ta taɓa aure a coci a ƙasarsu amma shekara takwas ke nan da rabuwarsu, yanzu ta musulunta. An ce in je rajista a ba ni takardar da ofisoshi suka fi girmamawa.*

Alhaji, dakata. Akwai ƙulli biyu a nan, kowanne kuma na iya kai mutum kotu.

Na farko nata ne. Filifin ba ta da dokar saki ga waɗanda suka yi auren coci ko na gwamnati. Rabuwar shekara takwas ko ashirin ba ta warware komai a kundi, musulunta daga baya ma ba ta goge auren a idon dokar ƙasar. Hukuncin addini malamai za ka tambaya, mu maganar takarda muke yi. In ta nemi CENOMAR, abin da PSA za ta ba ta takarda ce mai nuna auren da sunan mijin. Hanyar fita sai kotun can ta soke auren, shari'ar da kan ci shekaru da kuɗin lauya, sannan a rubuta hukuncin a gefen takardar aurenta ta PSA. Sake aure kafin haka laifi ne mai ɗauri a ƙasarsu. Inda abin ya sha bamban shi ne Musulmin da aka ɗaura wa aure bisa dokar Musulmi ta 1977, su suna da saki ta kotun shari'a, da kuma wadda mijinta na farko baƙo ne aka yi saki a waje, ita ma sai kotun Filifin ta tabbatar da sakin. Ka nemi ganin takardar PSA da idonka, sabuwa, kafin a kai maganar sadaki.

Na biyu naka ne. Auren rajista a Najeriya auren mace ɗaya ne. Mai mata ta auren Musulunci ko na gargajiya in ya je ya yi rajista da wata, auren bai ɗauru ba, Dokar Aure kuma ta tanadi ɗaurin shekara biyar. Don a ba ka takardar sai ka rantse cewa ba ka da mata, ga Hajiya da yara biyar a gida. Hanyarka auren Musulunci ne da waliyyi da shaidu, takarda daga kotun shari'a da sunaye daidai da fasfo, a kai Abuja a buga hatimi. Ita ma amaryar ta san da uwargida tun yanzu, daga bakinka.

Daga wata baiwar Allah a Kongo: *Ni mijina ne ɗan Filifin, ƙanena kuma matarsa 'yar can ce. Za su iya zama 'yan ƙasa? Yaranmu fa?*

Hajiya, matar ƙanenki na iya nema ta hanyar rajista a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya buɗe wannan ƙofa ga macen da ta auri ɗan Najeriya, in an gamsu da halinta da niyyarta ta zama, ta kuma yi rantsuwar biyayya. Kafin ta rantse ta tuntuɓi ofishin jakadancinsu a Abuja, akwai dokarsu ta 2003 da ke ba haifaffen ƙasar damar maido da matsayinsa bayan ya karɓi na wata ƙasa.

Sashen bai ambaci miji ba, kuma a ganinmu wannan giɓi ne da ya kamata a cike. Mijinki zai iya neman matsayin baƙo na musamman daga ma'aikatar, wanda ke ba shi izinin zama, amma zama ɗan ƙasa sai ta sashe na 27, bayan shekara 15 yana zaune a nan. Yaranku 'yan Najeriya ne ta wajenki, 'yan Filifin ne ta wajen ubansu. Ku karɓi takardar haihuwar kowane yaro daga Hukumar Ƙidaya, a buga mata hatimi a Ma'aikatar Harkokin Waje, ku kai rahoton haihuwar ofishin jakadancin Filifin a Abuja kafin yaron ya cika shekara.