Amsa ga baiwar Allah da maigida ya koma kwana a falo

'Yar uwa, tun jiya da aka saka tambayarki take ta yi min yawo a rai. Kin ce wata takwas ke nan maigida ba ya iya kusantarki, ya koma kwana a falo, abu kaɗan sai faɗa, kina neman haɗin da za ki zuba masa a shayi ba tare da ya sani ba. Wallahi hawaye na yi, don na taka wannan ƙayar. Don girman Allah kada ki zuba masa komai.

Nawa ya fara ne bayan na yaye ta ukun. Na ɗauka aure zai ƙara, na ɗauka ni ce na salance. Kuɗin adashina kaf suka tafi a tsumi da gumba da kaza mai magani, har matsi na yi ya bar ni da ƙaiƙayi na wata biyu. Ki bar kashe kuɗinki, matsalar ba a jikinki take ba.

Abin da har yau yake min ciwo yayarsa ce. Ban san yadda ta ji ba. Ranar wata Juma'a ina tsakar gida ina wanke shinkafa ta shigo da rubutu a galan da ƙullin turare, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Ke kika ɗaure min ƙane, kuma sai kin kwance shi." A gaban 'yata mai shekara tara! Shi kuma yana tsaye bakin ƙofa da makullin mashin a hannu, kansa a ƙasa, uffan bai ce ba. Shekara goma sha ɗaya ina zaune da su lafiya. Shinkafar nan a kwano ta kwana, ban iya ɗora ta ba. Na yafe masa shirun, don daga baya na gane kunya ce ta ɗaure masa baki, amma ita, Allah Ya isar min.

Ashe shi ma a ɓoye yana sayen wata kwalba a tasha, ko takarda babu a jikinta, wai maganin basir da sanyi. Wata asuba na ji faɗuwarsa a banɗaki. A asibiti aka auna, suga ya yi sama, ga hawan jini, kuma likita ya ce ya daɗe da su. Shi ya yi mana bayani cewa suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jini da na ji, kuma sau da yawa a gaban namiji ake fara ganin alamar tun kafin ta bayyana a zuciya. Ya ce irin waɗannan kwalaben ana samun sildenafil a cikinsu, sinadarin da ke cikin Viagra, babu wanda ya san adadinsa, kuma idan ya haɗu da maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya jini yana iya faɗuwa warwas. Shi ya sa nake roƙonki a kan shayin nan.

Kada ki ce masa ku je asibiti saboda wannan matsalar, ba zai je ba, namiji ne. Ki lura ko yana yawan tashi fitsari da dare, ko ƙishirwa, ko rama, ki kama nan. Ki ce ke ma za a auna ki, ku tafi da safe kafin ku karya. Idan sugan da aka auna kafin karyawa ya kai 7 a ma'aunin mmol/L ko ya wuce, sai a sake aunawa a tabbatar. Yana shan sigari ko tramadol? Duk suna kawo raunin gaba. Wasu magungunan hawan jinin ma haka, amma kada ya daina da kansa, likita zai canza masa. Wani kuma bashi ne da tunani kawai, za ki ga da asuba lafiyarsa ƙalau.

Kuma ki dawo da shi ɗaki. Ni daren da na ce masa, "Abban yara, ba na neman komai, ka dai kwanta a nan," kuka ya yi kamar yaro, ya ce kullum tsoron dare yake ji. Kada ki kai maganar gidanku tukuna, kada ki faɗa wa ƙawa. Idan ta fita ba ta dawowa, ni shaida ce.

Yanzu shekara biyu yana kan magani, ya bar lemon kwalba, muna zagaye unguwa bayan isha'i. Bai koma kamar da ba, amma alhamdulillahi muna samun biyan buƙata. Yayar tasa har yau ba ta ba ni haƙuri ba, da ƙaramar sallah ma ta zo na zuba mata abinci ta ci. Ki amsa min a nan, yana tashi fitsarin daren ko ba ya tashi?