Wace hanya ce ta fi arha wajen tura kuɗin kaya waje?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina saro yadi daga Guangzhou, jefi-jefi kuma ina tura wa wani abokin ciniki kuɗi a Accra. Ɗana ya ce in rabu da banki da 'yan canji, wai akwai manhajojin waya da ba sa cajin ko sisi. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Yaron bai yi ƙarya ba, amma rabin zancen ya ji. Babu mai ɗaukar maka kuɗi daga Kano zuwa Chaina saboda Allah da Annabi. Wanda bai karɓi ladansa a fili ba, ya riga ya cusa shi cikin farashin canji, kuma a can ne ake yi wa 'yan kasuwa yankan ƙauna.

Ga lissafi, da alƙaluman misali. A ce za ka biya dala 5,000. Na farko ya ce kyauta ne, amma dalarsa naira 1,560 ce. Na biyu ya ce sai ka ba shi naira 15,000 kuɗin aiki, dalarsa kuma 1,530. Wajen mai kyautar za ka zube naira miliyan 7 da dubu 800. Wajen mai cajin kuwa, miliyan 7 da dubu 665 ne har da ladansa. Ka ga "kyauta" ta ci maka dubu 135, kuɗin da sai ka sayar da yadi nawa kafin ka mayar da shi. Amma da dala 200 za ka tura, sai lissafin ya juye, mai kyautar ya fi sauƙi da naira 9,000. Don haka tambaya ɗaya za ka riƙa yi wa kowa, ko banki ne ko ɗan canjin Wapa: in na ba ka naira kaza yau, nawa ne zai shiga asusun mutumina, kuma yaushe? Ka tambayi mutum uku cikin sa'a guda, don farashin safe ba shi ne na la'asar ba.

Su kuma sunayen da yaron ke ji, irin su Western Union, MoneyGram, WorldRemit da Remitly, a Najeriya aikinsu shigo da kuɗi ne. Ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a Janairun 2024 ta taƙaita kamfanonin tura kuɗi ga kawo kuɗi cikin ƙasa kawai. Suna da amfani ga ɗan'uwanka da ke Ingila in zai aiko wa gida, amma ba su ne za su biya maka kwantena ba.

Ga kaya masu yawa, ni dai banki nake ba da shawara, duk da jan ƙafarsa. Ka buɗe Form M, wato takardar da mai shigo da kaya ke cikewa ta banki, ko ka tambaye su Form Q, wanda aka fito da shi a 2017 don ƙananan masu shigo da kaya, har dala 20,000 a wata uku. Na san 'yan Kwari da yawa sun yanke ƙauna tun 2019 da aka hana masu shigo da yadi dalar banki, to an ɗage wannan takunkumin a Oktoban 2023, wasu har yau ba su koma sun tambaya ba. Idan za a tura ta SWIFT, wato hanyar da bankuna ke bi wajen tura kuɗi tsakanin ƙasashe, ka kula da wani ɗan gurbi a takardar da ake rubuta OUR ko SHA. In aka sa SHA, bankunan da kuɗin ke ratsawa za su gutsiri nasu a hanya, sai mai kayan ya kira ka ya ce saura 'yan daloli, ya riƙe kaya a kan abin da bai taka kara ya karya ba. OUR na nufin ka ɗauki cajin duka tun daga nan.

Sannan ka ce wa Bacanishen ya ba ka farashi biyu, na dala da na yuwan, kuɗin Chaina. Naira zuwa dala, dala zuwa yuwan, canji biyu ke nan, kowanne da nasa kason. Tun 2018 akwai yarjejeniyar musayar naira da yuwan tsakanin manyan bankunan ƙasashen biyu, sai ka tambayi bankinka ko zai biya maka da yuwan kai tsaye.

Na Accra ya fi sauƙi. Ka nemi PAPSS, tsarin biyan kuɗi tsakanin ƙasashen Afirka da Afreximbank, bankin shige da ficen kaya na Afirka, ya ƙaddamar a can Accra a Janairun 2022: ka biya naira, shi ya karɓi sidi, kuɗin Ghana, babu ruwanku da dala.

Ban manta da masu karɓar naira a Kano su sa yaronsu ya biya yuwan a can ba. Suna da sauri, sau da yawa sun fi arha, kuma na san da su kasuwa ke tafiya. Sai dai ba ka da takardar da za ka kai ƙara da ita. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mai cewa ka rarraba kuɗin cikin asusun mutum huɗu da ba ka sani ba. Ranar da ɗayansu ya shiga binciken EFCC, naka asusun ma ana iya rufe shi, jarinka ya kwana a ciki wata da watanni. In dole sai da su, ka fara da kaɗan, kada ka tura sauran sai mai kaya ya ce ya gani.

Kuma duk ranar da saƙo ya zo cewa kamfanin ya canza lambar asusu, kada ka tura ko kwabo. Ɗauki waya ka kira lambar da ka saba kira, ka ji muryar mutumin, sannan ka duba ko sunan asusun ya yi daidai da sunan da ke kan takardar kayan.