An ɗora min Windows 11, PDF ya daina fita daidai daga CorelDRAW

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon tsara katin biki da kalanda a Tudun Wada, Kaduna. Makon jiya aka ɗora min Windows 11. Tun ranar, in na danna Print a CorelDRAW, manhajar da nake tsara zane da ita, ba na ganin Adobe PDF cikin jerin firintoci. Na gwada Microsoft Print to PDF, sai kala ta sauya a wurin masu injin bugawa, ƙ da ɗ kuma suka koma akwatuna. Ga aikin mutane a hannuna. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, aikinka bai lalace ba.

Adobe PDF ɗin da ka saba dannawa direba ce, wato 'yar ƙaramar manhaja, da Acrobat ke dasawa a cikin Windows, ta yi shigar firinta. Sauya Windows kan tumɓuke irin waɗannan direbobi. In Acrobat na nan a kwamfutar, buɗe shi, shiga Help, ka danna Repair Installation, sau da yawa za ta dawo. In tsohon yayi ne sosai, sai ka nemi sabo.

Amma ni shawarata, ka bar wannan hanyar gaba ɗaya. CorelDRAW na iya fitar da PDF da kansa, ba sai ya bi ta wata firinta ba. Shiga File, danna Publish to PDF, ka zaɓi PDF/X-1a. Wannan tsari don masu ɗab'i aka yi shi: yana tilasta kala ta zama CMYK, wato tawada huɗun da injin ke aiki da su, kuma yana cusa haruffa cikin fayil ɗin. Kar ka manta da rarar milimita 3 a gefe saboda yanka. Ita kuwa Microsoft Print to PDF kalar allo take fitarwa, RGB, shi ya sa jan da ka zaɓa ya fito daban a takarda. Ta wadatar ga rasit da wasiƙa. Katin ɗaurin aure ya fi ƙarfinta.

Batun ƙ da ɗ shi ya fi damuna, domin sunan amarya ko na mahaifinta ya fito a gurguje abin kunya ne da ba a gyara shi bayan an raba kati. Idan wanda ya ɗora maka Windows ya share kwamfutar ne gaba ɗaya, salon haruffan da ka tara shekara da shekaru sun tafi. CorelDRAW sai ya maye gurbinsu da wani, wanda wataƙila ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa, sai ya zana akwati. Nemo fayilolin salon haruffan naka na da a filasha ko wurin abokin sana'a. Wajen sakawa, danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzamin kwamfuta, shiga Show more options, ka zaɓi Install for all users. Wannan na da muhimmanci, saboda sababbin Windows kan saka haruffa ga mai amfani ɗaya kawai, wasu tsofaffin manhajoji kuma ba sa ganinsu a can. Da rubutun ya dawo daidai, yi kwafin aikin, zaɓi duk rubutun, danna Ctrl da Q ya koma zane. A kan kwafin kawai za ka yi wannan fa, don bayan haka ba a iya gyara ko harafi ɗaya.

Wani zai ce ka koma tsohon Windows. In ba a share kwamfutar ba, akwai damar hakan cikin kwana 10 da ɗora sabon, sai dai Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, don haka ban ba ka wannan shawarar ba.

Kafin ka hau mashin zuwa wurin masu inji, buɗe PDF ɗin a Acrobat Reader, danna Ctrl da D, ka duba shafin Fonts. Duk sunan da ya bayyana a nan, ka tabbata an rubuta Embedded a gabansa, wato an cusa haruffan cikin fayil ɗin. Sannan ka ƙara girman shafin, ka karanta sunayen ango da amarya harafi bayan harafi.