Amsa ga Yaya kan sunan da aka laƙaba wa ɗansa a Birmingham

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ka tambaye ni ma'anar “boy racer” da maƙwabta suke kiran ɗanka da shi, kana zaton ko yabo ne na gwanintar tuƙi. Ba yabo ba ne. A Ingila da wannan suna ake kiran saurayin da ya sayi ƙaramar tsohuwar mota, ya sauya mata salansa don ta riƙa ƙara, ya duƙar da ita har ta kusa shafar kwalta, sannan da dare shi da abokansa su taru a filin ajiye motoci na manyan kantuna suna taka totur, suna hana mutane barci. Abin ya yi kama da wasan mota da samari ke yi ranar ɗaurin aure a gida, sai dai a nan babu mai yi musu tafi.

Akwai wasu kalmomin da suka fi wannan sauƙi. Amurkawa kan ce mutum yana da “lead foot”, wato ƙafarsa ta darma ce, nauyinta ba ya barin ta ɗaga daga totur, kuma ana iya faɗa wa dattijo haka cikin raha. “Speed demon” kuwa aljanin gudu ne, a Ostareliya kuma “hoon” suke cewa.

Abin da ya sa mu mazauna nan ba ma ɗaukar wannan suna da wasa shi ne hukuncin da ke biye da shi. Iyakar gudu a babbar hanya mil 70 ne a sa'a, a yawancin titunan cikin gari mil 30, kuma galibi kyamarori ne ke tsaron hanya, ba ɗan sandan da za a ba haƙuri ba. Takarda ce kawai za ta iso gidan mai motar, mafi ƙarancin tara fam 100 da maki 3 na laifi da ake rubutawa a kan lasisi. Wanda ya tara maki 12 cikin shekara 3 ana iya hana shi tuƙi, sabon direba irin ɗanka kuwa maki 6 cikin shekara 2 na farko sun isa a soke lasisinsa, kuɗin inshora kuma ya yi tashin gwauron zabo.

Da yawa daga cikinmu da tuƙin tasi da kai saƙonni suke ciyar da iyali, saboda haka ko ayari muka yi zuwa suna ko walima a Manchester, ba a tsere, wanda ya makara ya makara. Haka kuma ba ma yawan ba da aron mota, abin da baƙi daga gida sukan ɗauka rowa ce, alhali doka ta tilasta wa mai mota ya bayyana sunan wanda yake tuƙi lokacin da kyamara ta ɗauka.

Shawarata ita ce ka kira shi ka tambaye shi maki nawa ne a lasisinsa yanzu, ni kuma zan sa wani dattijonmu da ke unguwarsu ya je ya ga motar da idonsa.